Allo, Takarda Da Ɗab'i

Duk wanda ya yi karatun allo ya san allo ba ya ajiya. Yaro ya rubuta da alƙalamin gamba da tawadar da aka haɗa da ƙaro, ya biya a gaban malam, ya yi ta maimaitawa har karatun ya zauna masa, sa'an nan a ba shi izinin wankewa. Da ya wanke, abin da bai shiga ƙirjinsa ba ya bi ruwa ke nan. Wannan ne ya sa hadda ta zama tushen karatu a ƙasar Hausa da Barno, tun daga babbaƙu da farfaru har ya zuwa alaramman da ke rubuta izu sittin da ka.

Takarda kuwa hajar fatake ce. A ƙarni na 19 yawancinta daga Italiya ta ke zuwa, da alamar wata uku a jikinta, wadda ba a gani sai an ɗaga ta ga hasken rana. A sauke ta a Tarabulus, raƙuma su ɗauko ta, su biyo ta Gadamas da Gat har Kano. Baturen Jamus Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya tarad da ita cikin hajar kasuwar Kano a shekarar 1851. Abin da ya ƙetaro Sahara haka ba a miƙa wa yaro ya ɓata.

Littafin wancan zamani ba a ɗinke shi. Ganye-ganye ne a cikin gafaka, a ƙarshen kowane ganye an rubuta kalmar farko ta mai bi masa, don kada su rikice. Ɗalibin da ke son Ahalari ko Iziyya ko Risala sai ya ari 'yan ganyaye ya kwafa da hannunsa, ya kai zaure, ya karanta, malam na fassara masa kalma kalma, shi kuwa yana cika gefen takarda da bayani. Mai neman littafi tilas ya bi ta ƙofar malam.

Da littattafan ɗab'in Masar suka fara shigowa a hannun alhazai, sai aka ga wata matsala. A rubutun nan ƙasar, irin na Magariba, fa ɗigonta a ƙasa ya ke, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya a sama. A na Gabas fa ce ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Ga shi kuma mushafin Alƙahira na 1924 ruwayar Hafsu ce, alhali makarantun allo Warshu su ke bi. Sai gardin da ya daɗe da sauka ya buɗe ya yi ta tuntuɓe kamar ƙolo.

Attajiran Kano su ne suka samo dabara. Sukan biya marubuci mai kyawun hannu, irin su Sharif Bala, ya rubuta mushafi ko littafi, a ɗauki hoton rubutun a buga shi da yawa, a baza a Kasuwar Kurmi. Hannun na gida ne, kuɗin kaɗan. Marubucin da aka zaɓi hannunsa ya yi suna, sauran masu ci da alƙalami kuwa ciniki ya ja baya. Ɗalibi kuma ya mallaki Risala tun bai sami mai karantar da shi ba, abin da kakanninsa ba su taɓa ji ba.

A 1984 aka buɗe maɗaba'ar Sarki Fahad a Madina, mushafanta suka cika masallatai, mafi yawansu na Hafsu, makarantun Islamiyya kuma suka riƙe su. Yau akan sami wa da ƙane a gida ɗaya, wan na makarantar allo, ƙanen na Islamiyya. In suna biya Fatiha da magariba, akwai kalma guda da ƙanen ke ja, wan kuwa ya taƙaita, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya yi kure, har sai uban ya fito ya gaya musu ruwaya biyu ce, duka ingantattu.