Ƙarfafa Ƙasa Mai Rairayi Ta Hanyar Ɗura Ƙaro Mai Kumbura

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bayyana wata dabara da injiniyoyi ke bi wajen ƙarfafa rairayin da ke ƙarƙashin gini ba tare da an rushe ginin ba. Za mu nuna cewa amfanin dabarar ya dogara ne ga matse rairayi, kuma daga nan ne iyakarta ta samo asali.

Matsalar Rairayi

Duk wanda ya taɓa awo ya san cewa in aka girgiza mudu sai hatsi ya sauka, domin ƙwayoyin sun shige cikin sararin da ke tsakaninsu. Haka rairayi mai sako-sako yake. In nauyi ya danne shi, ko ruwa ya ratsa shi, sai ya sauka, harsashin gini ya bi shi, bango ya tsage. Abin ya fi muni in rairayin ya ƙoshi da ruwa kana aka yi girgizar ƙasa, don a lokacin ruwan ne ke ɗaukar nauyin, ƙasa kuwa ta koma kamar kunu. Wannan ya faru a Niigata ta Japan a 1964, inda benaye suka kishingiɗa ba tare da sun farfashe ba, ya kuma faru a Christchurch ta Nuzilan a 2010 da 2011.

Yadda Ake Aikin

Ƙaron da muke magana a kansa shi ne foliyuretan, watau dangin soson katifa, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Jamus a 1937. Kamfanin Uretek na ƙasar Finlan na cikin waɗanda suka fara amfani da shi wajen ɗaga daɓen da ya lotsa.

Da farko akan huda ƙananan ramuka, faɗinsu bai wuce santimita 3 ba, a zura siraran bututu zuwa zurfin da ake bukata. Sa'an nan a ɗura ruwan sinadari iri 2 waɗanda ke gauraya a bakin bututun. Cikin daƙiƙoƙi sai haɗin ya kumbura, ya ninka girmansa sau da yawa, ya daskare cikin mintoci. Yawancinsa ba ya jiƙa rairayi kamar yadda ruwa ke yi. Yakan tsaga ƙasa ne ya yi jijiyoyi da dunƙule-dunƙule, waɗanda ke tura ƙwayoyin rairayi su matsu da juna. Ana cikin haka ana lura da ginin da na'urar leza. Da zarar ya fara ɗagawa, alama ce ƙasar wurin ta matsu, sai a dakata. Bayan girgizar Christchurch an gwada dabarar a unguwannin da aka tashi mutane, aka auna ƙarfin ƙasa kafin ɗurawa da bayanta ta hanyar cusa sandar ƙarfe mai tsini, aka kuma ga ƙarfin ya ƙaru.

Iyakarta

Tun da matsewa ce tushen aikin, dole a sami nauyi a sama wanda zai tokare kumburin. In babu shi, ƙasa za ta tashi ne kawai ba ta matsu ba. Har ila yau, rairayi tsantsa ya fi karɓar matsewa bisa ga ƙasa mai laka da yawa. Bugu da ƙari, ƙaron na da tsada, kuma ba ya toshe famfon da ke yoyo a gindin gini.

Kammalawa

A jigayin ƙasarmu ruwa ne ya fi lalata harsashi, ba girgizar ƙasa ba. Saboda haka muna ba malaman fasahar gini shawara su koya wa ɗalibai su fara gano dalilin lotsewa, su auna ƙasa, su gyara magudanar ruwa, kafin a kai ga zancen ɗura ƙaro.