Mahaya Babur Marar Birki: Tunawa da Mazan Jiya

Gabatarwa

Idan aka ce wa ɗan makaranta ya hau babur marar birki, zai ɗauka ana yi masa ba'a ne, ko kuwa ana neman kai shi asibiti. To amma a ƙasashen Turai da Ostareliya akwai wani wasan tsere wanda dokarsa ma ta hana a sa wa babur birki. Turawa suna kiransa sifidiwe, kuma tun cikin shekarun 1920 ake yinsa. A cikin wannan maƙala muna so mu bayyana wa masu karatu yadda wasan yake, sa'an nan mu tuna da waɗansu mazan jiya da suka yi suna a cikinsa. Yawancinsu sun rasu, filayen da suka yi bajinta a ciki kuma an rushe da dama. Don haka ya dace mu duba abin da suka yi, da abin da ya sa har yanzu ake ambatonsu.

Yadda ake yin wasan

Filin tseren yana da siffar ƙwai. Tsawon zagaye ɗaya yakan kama daga mita 260 zuwa mita 425. Ba a zuba masa kwalta. Ƙasa ce mai ƙananan tsakuwa ake shimfiɗawa, a yayyafa mata ruwa don kada ƙura ta yi yawa. Mahaya huɗu ne suke jeruwa a bayan wata igiya da aka gitta. Da zarar an ɗage igiyar sama sai su zabura, su zagaya filin sau huɗu, kullum suna shan kwana ta hannun hagu. Cikin kamar minti ɗaya an gama. Na ɗaya ya sami maki 3, na biyu maki 2, na uku maki 1, na kashin baya ya tashi a tutar babu. Don 'yan kallo su gane kowa, ana bambanta hulunan kwanonsu da launi: ja, shuɗi, fari da rawaya.

Shi babur ɗin injinsa si-si 500 ne, giyarsa ɗaya tak, kuma maimakon fetur wani sinadari yake sha da ake kira metanol. A kan miƙaƙƙen ɓangaren fili yakan kai gudun kilomita 110 a sa'a.

To, yaya mutum zai sha kwana da irin wannan gudu ba birki? Nan gwanintar take. Idan mahayi ya kusa kwana, sai ya kwantar da babur zuwa hagu, ya murɗa totur har tayar baya ta riƙa zamewa gefe tana watsa ƙasa. Wannan zamewar ita ce take rage gudun, kuma ita ce take juya babur. Ƙafarsa ta hagu, wadda aka ɗaura wa takalmin ƙarfe, tana gogar ƙasa don ta tallafe shi. Mahayan farko a baya suke jan ƙafar. Daga bisani aka koma miƙa ta gaba, domin an ga haka ya fi ba mahayi ikon sarrafa babur. Ke nan birkin mahayi yana hannunsa da idonsa da natsuwarsa. In ya rage wuta fiye da kima, sai taya ta kama ƙasa babur ya miƙe da shi zuwa shinge. In ya ƙara fiye da kima, sai babur ya juya da shi ya kayar.

Asalin wasan

An daɗe ana tseren babura a kan ƙasa a Amurka da Ostareliya, amma yawancin masu tarihin wasan suna farawa ne daga ran 15 ga Disamba, 1923. A ranar ce aka yi tsere a filin baje kolin amfanin gona na garin West Maitland a Ostareliya. Sunan da aka fi dangantawa da wannan taro shi ne Johnnie Hoskins, haifaffen Niyu Zilan, wanda daga baya ya koma Ingila ya shafe shekaru masu yawa yana shirya wasanni.

Wasan ya kafu a Ingila ran 19 ga Fabrairu, 1928, a wani wuri da ake kira High Beech a dajin Epping, kusa da Landan. An ƙiyasta mutum 30,000 ne suka je kallo, har waɗansu suka hau itatuwa. Nan da nan birane suka kafa ƙungiyoyi. Har mata sun shiga. Wata 'yar ƙasar Ayalan mai suna Fay Taylour ta kara da maza a Ingila da Ostareliya, kafin a hana mata wasan a Ingila a 1930.

Zakarun farko

An yi gasar duniya ta farko a filin Wembley na Landan a 1936. Tsarin wasan ƙarshe shi ne mahaya 16, tsere 20, kowa ya hau sau biyar, ya gamu da kowane abokin hamayya sau ɗaya. A wannan dare wani ɗan Ostareliya mai suna Bluey Wilkinson ya ci dukan tserensa biyar, amma ya zo na uku, domin an haɗa da makin da kowa ya kawo daga wasannin share fage. Lionel Van Praag na Ostareliya da Eric Langton na Ingila suka yi kunnen doki, aka sake haɗa su su biyu, Van Praag ya ci. Wilkinson bai yi zuciya ba. Ya ci gaba da ƙoƙari har ya ɗauki kofin a 1938. Abin tausayi, bayan ya daina tsere sai ya rasu a haɗarin hanya a 1940. Shi kuwa Van Praag ya zama matuƙin jirgin sama a Yaƙin Duniya na Biyu, har aka ba shi lambar yabo saboda ceton abokan aikinsa bayan an harbo jirginsu ya faɗa teku.

Yaƙin ya tsai da gasar duniya har 1949, shekarar da Tommy Price ya zama Baturen Ingila na farko da ya ci kofin. A shekarun bayan yaƙi, ma'aikata da iyalansu sukan cika filaye da dare kowane mako. Injin da kusan kowa yake hawa a zamanin shi ne JAP, wanda ake ƙerawa a Landan, kafin injin Jawa na ƙasar Cekosulobakiya ya karɓe kasuwa a shekarun 1960.

Peter Craven

Cikin mahayan Ingila, da wuya a sami wanda ake tunawa da shi da ƙauna kamar Peter Craven. An haife shi a Liverpool a 1934, ya yi wa ƙungiyar Belle Vue ta Manchester wasa. Gajere ne ƙwarai, marar nauyi. Saboda haka sai ya koyi rataya jikinsa a gefen babur ta yadda mai kallo zai rantse faɗuwa zai yi, amma ba ya faɗuwa. Ya ci kofin duniya a 1955 da 1962.

Ran 20 ga Satumba, 1963, ƙungiyarsa ta je wasa birnin Edinburgh a Sukotlan. Ana cikin tsere sai injin mahayin da ke gabansa ya cije, mahayin ya faɗi. Craven ba shi da birkin da zai taka. Sai ya kauce don kada ya bi ta kansa, ya daki shinge. Ya rasu a asibiti bayan kwana huɗu, yana da shekara 29. Wanda ya kauce wa ɗin ya rayu.

Mutum uku daga gari ɗaya

Birnin Christchurch na Niyu Zilan ya fitar da zakaru uku waɗanda suka ci kofin duniya sau 12 a tsakaninsu. Ronnie Moore, wanda aka haifa a Ostareliya amma ya tashi a Christchurch, ya ci a 1954 da 1959. Barry Briggs ya ci sau huɗu: 1957, 1958, 1964 da 1966. Babban abokin karawarsu a lokacin shi ne Ove Fundin na Suwidin, mai kofi biyar tsakanin 1956 da 1967.

Na ukunsu shi ne Ivan Mauger, kuma labarinsa ya cancanci ɗalibai su tsaya su dube shi. Ya sauka Ingila a 1957 yana ɗan shekara 17, ya shiga ƙungiyar Wimbledon ta Landan. Bai yi wani abin kirki ba. Aikin gyaran fili ya riƙa yi don ya ci abinci, bayan shekara biyu kuma ya koma gida ba kowa ya san da shi. Maimakon ya jingine babur, sai ya ci gaba da koyo a filayen Ostareliya da Niyu Zilan. A 1963 ya komo Ingila, ya shiga ƙungiyar Newcastle. An san shi da kula da injinsa, da nazarin yanayin ƙasar kowane fili, da iya tashi da zarar an ɗage igiya, domin a tseren minti ɗaya wanda ya fara isa kwanar farko shi ne yakan ci.

Mai haƙuri yakan dafa dutse. Mauger ya ci kofin duniya a 1968, 1969 da 1970 a jere, ya ƙara a 1972 da 1977, ya cike na shida a 1979 yana da shekara 39. Waɗansu magoya bayansa biyu 'yan Amurka sun yi alkawarin in ya ci sau uku a jere za su lulluɓe babur ɗinsa da zinariya, kuma suka cika alkawari. Duk da haka shi ma ya sha kaye. A 1973, a birnin Chorzów na Polan, wani ɗan ƙasar mai suna Jerzy Szczakiel, wanda ba a sa shi cikin lissafi ba, ya doke shi a tseren raba gardama bayan Mauger ya faɗi. Mauger ya rasu a 2018.

Ƙarshen wani zamani

Wasan ƙarshe na duniya da aka yi a Wembley shi ne na 1981, inda Bruce Penhall na Amurka ya yi nasara a gaban mutum fiye da 90,000. Daga nan sai 'yan Denmak suka mamaye fage. Ole Olsen ne ya buɗe musu hanya da kofi uku a shekarun 1970, sa'an nan Erik Gundersen da Hans Nielsen suka riƙa karɓa-karɓa tsakanin 1984 da 1989. A 1989 ɗin ne Gundersen ya yi mummunan haɗari a birnin Bradford, ya ji ciwo a ƙashin wuya. Ya rayu, har ya sake koyon tafiya, amma bai ƙara tsere ba. A 1995 aka soke tsarin fitar da zakara a dare ɗaya, aka koma tara maki a wasanni da yawa cikin shekara.

Ya kamata mu lura da irin halin da waɗannan mutane suka yi wasa a ciki. Shingen fili na katako ne ko na waya, wani wuri ma har da turakun ƙarfe na fitilu a kusa. Tom Farndon, gwanin Ingila na shekarun 1930, a irin wannan fili ya gamu da ajalinsa a 1935 yana da shekara 24. Sai a farkon shekarun 2000 aka fara yawaita sa shinge mai iska a kwanoni, wanda yake karɓar mahayi kamar katifa. Mahayan yau sun ci moriyar darasin da aka koya daga raunukan na jiya.

Yadda ake tunawa da su

A Ingila wasan ya ja baya, yanzu a Polan ya fi ƙarfi. Filin West Ham an rufe shi a 1972. Na Belle Vue, inda Craven ya yi suna, an rufe shi a 1987. Tsohon Wembley an gama rushe shi a 2003, na Wimbledon kuma a 2018. Wanda ya je waɗannan wurare yau ba zai ji ƙarar inji ko ƙanshin metanol ba.

Amma mutane ba su bar sunayen sun bi filayen ba. A unguwar da aka gina a gurbin filin West Ham, an sa wa tituna sunayen mutanen wasan, cikinsu har da Wilkinson da Hoskins da Jack Young, ɗan Ostareliya da ya ci kofin duniya a 1951 da 1952. Ƙungiyar Belle Vue tana shirya gasar tunawa da Peter Craven a sabon filinta. Babur ɗin zinariya na Mauger yana hannun gidan tarihi na Canterbury a Christchurch. An kuma kafa gidan tarihin wasan a Broxbourne, arewa da Landan, inda aka tara tsofaffin babura da riguna da takalman ƙarfe. Bugu da ƙari, tsofaffin 'yan kallo da yawa sun adana takardun shirin wasa da suka cike da hannunsu suna yara, tsere bayan tsere, wa ya zo na ɗaya, wa ya faɗi. Da irin waɗannan takardu ne masu bincike suke haɗa tarihin wasan.

Kammalawa

Idan muka duba waɗanda muka ambata, za mu ga ba yawan kofi kaɗai ya tsare musu suna ba. Ana tunawa da Wilkinson saboda ya ci tsere biyar aka hana shi kofi, ya jure ya dawo. Ana tunawa da Mauger saboda ya koma gida hannu rabbana, ya sake shiri. Craven kuwa, kofinsa biyu ne kawai, amma duk inda aka ambace shi sai an ambaci daren Edinburgh, da mutumin da ya kauce wa. Muna fatan ɗalibanmu masu sha'awar wasanni za su riƙa tambayar magabata labarin gwanayen da suka wuce, su kuma rubuta abin da suka ji kafin masu ba da labarin su ƙare.