Masu Nutso da Zurfin Madatsun Ruwan Arewacin Kano

Tun ranar 30 ga Nuwamba 2021, da jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da 'yan Islamiyya da suka taso daga Badau za su Maulidi a Bagwai, aka yi ta maganar lodin da ya wuce kima. Maganar gaskiya ce, domin aƙalla mutum 29 aka tabbatar da rasuwarsu tun a kwanakin farko, mafi yawansu yara. Amma akwai abin da aka tsallake: waɗanda suka shiga ruwan nan suna lalubo mutane masunta ne da samarin gari, kuma ba su da abin dogaro sai numfashin da ke ƙirjinsu. Har yau haka abin yake a kusan duk bakin dam da ke arewacin Kano, kuma nan ne nake ganin babbar matsalar take.

Asalin abin ba ya da nisa. Ƙasar Bagwai, Dambatta, Makoɗa, Kunci da Minjibir ƙasar noma ce, gona na jikin gona. Ruwan da kakanninmu suka sani shi ne rijiya da kududdufi da rafin da ke ƙafewa da rani. Shirin madatsun ruwa da ya kankama a zamanin Gwamna Audu Bako, tsakanin 1967 da 1975, shi ya haifar da irin su Watari, Tomas, Gari da Jakara. An samu noman rani da kifi, alhamdu lillahi. Sai dai an kawo wa manomi ruwa mai zurfi har ƙofar gida, ruwan ya raba ƙauye da kasuwarsa, dole ta sa aka koma kwalekwale, ba a kuwa kawo sana'ar da ke tafiya da irin wannan ruwa ba. Kabawan Argungu sun gaji ruwa kaka da kakanni. Mu kam tashi muka yi muka gan shi.

A duba yadda mai nutson gargajiya ke aiki. Ya tuɓe riga, ya cika huhu, ya nutse. Ƙasan dam duhu ne, taɓo ya turnuƙe, ga kututturan itatuwan da ruwa ya ci da tsohuwar ragar kamun kifi da ke iya sarƙe ƙafa. Da hannu yake gani. Minti ɗaya ko biyu ya taso yana haki, kunnensa na zugi, domin duk mita 10 da mutum ya sauka nauyin ruwan da ke danne shi na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sararin duniya. Sai ya sake komawa, har rana ta faɗi, iyaye na tsaye a gaɓa.

Abin da ke da ciwo shi ne maganin wannan ya daɗe a duniya. Tun 1943 Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iska daga tukunyar da ake goyawa a baya. A Sharm el-Sheikh da Dahab na Masar, ɗan yawon buɗe ido kan koyi nutso cikin kwana uku ko huɗu, ya sami shaidar sauka har mita 18, ya yi kusan awa guda a ƙasan Bahar Maliya yana ɗaukar hoton murjani da kifaye masu launi. Kayan da ake ba shi haya don nishaɗi, su ne Sarkin Ruwa da yaransa ke buƙata don aikin rai.

Wasu za su ce tukunyar iska ba ta ceton wanda ya nutse, tunda ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida babu iska, don haka a zuba kuɗin a rigunan kariya da hana lodi. Na yarda rigar kariya ce kan gaba. Amma wannan hujja ta manta da mai nutson kansa, wanda ke sayar da ransa, ta kuma manta da uwar da ke kwana uku tana jiran gawar ɗanta don a yi masa sutura.

Jiran ma'aikatan kashe gobara su taso daga birni ba zai wadatar ba, komai himmarsu, saboda nisa. Masuntan da suka san kowane lungu na dam ɗinsu su ya kamata a horar, a ajiye musu tukwanen iska da injin cika su da fitilar ruwa da igiya a bakin Watari da Tomas, ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin gyara da ɗan alawus.