Sinadarai Marasa Turjiya ga Lantarki da Binciken Ɗalibai: Waiwaye daga Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wani fanni na kimiyyar fiziks da ɗaliban digirin farko ke iya taɓawa, wato nazarin sinadaran da lantarki ke ratsawa ba tare da wata turjiya ba. A nan za a kira su marasa turjiya. Wayar jan ƙarfe takan yi zafi domin tana turje wa lantarki. Marar turjiya kuwa ba ya ɓarnatar da komai, saboda haka akan naɗa shi a sami maganaɗisu mai ƙarfin gaske.

2.0 Ma'anar "Zafi" a Wannan Fanni

A 1911 Kamerlingh Onnes ya gano a Leiden cewa zaiba takan rasa turjiya a digiri 269 ƙasa da sifiri, sanyin da sai ruwan hiliyam ke kaiwa. A 1986 Bednorz da Müller na kamfanin IBM a Zurich suka sami wani haɗi mai jan ƙarfe da ya ɗara na da, kuma a 1987 Wu da Chu a Amurka suka fito da YBCO, wanda ke aiki a wajen digiri 180 ƙasa da sifiri. Waɗannan ake ce wa "masu jure zafi". Lalle laƙabin na iya ruɗar mazaunin Maiduguri, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40. Abin nufi kawai shi ne ruwan naitirojin, mai digiri 196 ƙasa da sifiri kuma mai araha, ya wadatar wajen sanyaya irin su YBCO.

3.0 Aikin Ɗalibi

Wannan araha ce ta buɗe wa ɗalibai ƙofa. Akan niƙa garin sinadarai masu ɗauke da itiriyam, bariyam da jan ƙarfe a turmi, a gasa a tanderu mai zafin digiri 900 ko fiye na sa'o'i masu yawa, sannan a bari ya huce sannu a hankali cikin iskar oksijin. Idan aka sanyaya ƙwayar da ta fito, ƙaramin maganaɗisu zai tsaya a iska a samanta. Sai dai abin gautsi ne kamar kasko, ba ya jawuwa ya zama waya, don haka ake shafa shi a kan siririn faifan ƙarfe. Da irin wannan faifai ne masana a MIT suka kai tesla 20 a Satumbar 2021.

A ganin mai wannan maƙala, babban abin da ɗalibin Jami'ar Maiduguri zai fara tanada shi ne wuta mai ɗorewa, domin yankewarta a tsakiyar gashi kan ɓata aikin kwanaki. Garin ya ga hakan a 2021, lokacin da aka lalata turakun layin Damaturu ya shafe watanni cikin duhu, kafin a buɗe tashar gas mai megawat 50 a 2023.