Zanen dusar ƙanƙara da gidan da ya yi gadonsa: labarin Pissarro

Ga rubutun shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau za mu je Turai ne, amma bari mu biya ta Gobarau tukuna. Duk ɗan Katsina ya san yadda hasumiyar nan take da safiyar hunturu, idan hazo ya sauka. Jar ƙasar da aka gina ta da ita sai ta koma fari-fari, gefunanta su dushe, rana ta fito kamar faifan da aka wanke. Da la'asar kuma launinta daban. Gini ɗaya ne, haske ne ke sauya shi. To idan ka gane wannan, ka gane rabin abin da ake kira Imfireshinizim, salon zanen da ya taso a Faransa wajen shekarun 1870. Masu shi ba su damu da fitar da kowane tubali ba. Abin da ido ya kama a wannan lokacin, shi suke bi da buroshi da fentin mai, da sauri, kafin hasken ya gudu.

Sunan ma da gatse aka raɗa musu shi. A 1874 suka yi baje-kolinsu na farko a Paris, wani ɗan jarida mai suna Louis Leroy ya ɗauki kalma daga sunan wani zanen Claude Monet ya yi musu ba'a da ita, wai aikin nasu ba a gama shi ba. Sunan ya bi su, su kuma suka karɓe shi.

Hunturunsu ba irin namu ba ne, nasu da dusar ƙanƙara yake zuwa, kuma waɗannan masu zane sun so ta ƙwarai. Dalili? Kowa na ɗauka fara ce fat, amma in ka tsaya ka duba da kyau, inuwar da ke kanta shuɗiya ce, wani wurin ruwan hoda, wani wurin ruwan toka. Malaman zane na lokacin sun saba yin inuwa da baƙi ko ruwan ƙasa. Waɗannan suka ce a'a, mu fita waje mu gani da idonmu. Abin da ya sauƙaƙa musu fitar kuwa shi ne fenti na cikin ƙaramin bututu, irin na man goge baki, wanda aka ƙirƙiro a 1841. Ka zuba a jaka, ka tsaya bakin hanya cikin ɗari kana aiki.

Zanen da nake so mu tsaya a kai ƙarami ne, faɗinsa bai kai rabin mita ba. Sunansa Fox Hill, Upper Norwood, yana rataye a National Gallery da ke Landan. Hanya ce ta lanƙwasa tsakanin gidaje, dusar ƙanƙara a gefe, bishiyoyi sun kakkaɓe ganye, ga 'yan mutane suna wucewa. Ba sarki, ba doki, ba yaƙi. Amma yaƙi ne ya haife shi.

Wanda ya zana shi Camille Pissarro ne. An haife shi a 1830 a tsibirin St Thomas da ke yankin Karebiyan, wurin da ba a san dusar ƙanƙara ba, kamar dai mu. A 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Furushiya, wato wani ɓangare na Jamus ta yau. Pissarro ya bar gidansa a ƙauyen Louveciennes, daga baya ya tsallaka Ingila da iyalinsa a ƙarshen shekarar. A can, yana ɗan gudun hijira, ya zana wannan hanya ta unguwar da ya sauka.

Da ya koma gida a 1871, sai ya tarar sojoji sun zauna masa a gida. Lissafin da aka fi kawowa shi ne ya bar zane kusan 1,500, aikin shekara ashirin, ya samu kimanin 40. An ruwaito cewa sojojin sun riƙa shimfiɗa su a ƙasa suna takawa don kada taɓo ya ɓata musu takalma. Ku ɗan yi tunani: mutum ya haura arba'in, ga iyali, ga babu, ga aikin rayuwarsa ya zama tabarmar ƙafa. Shi dai ya sake ɗaukar buroshi. Baje-koli takwas 'yan wannan salo suka yi daga 1874 zuwa 1886, kuma shi kaɗai ne bai tsallake ko ɗaya ba.

Yanzu ga maganar gado, wadda ita ta kawo mu.

Pissarro ya mayar da gidansa makaranta. 'Ya'yansa maza biyar duk sun zama masu zane: Lucien, Georges, Félix, Ludovic da Paul-Émile. Félix bai daɗe ba, tarin fuka ya ɗauke shi a 1897 yana da shekara 23. Sauran sun yi tsawon rai suna aiki, amma da wani nauyi a wuyansu: sunan uba. In ka yi kyau a ce ai ɗan wane ne, in ka gaza a ce bai kai ubansa ba. Mu da muka san gidajen marina da maƙera da magina, wannan ba baƙon abu ba ne. Shi ya sa Georges ya riƙa sa hannu da Manzana, Ludovic kuma da Rodo. Jikarsa Orovida, 'yar Lucien, ta ajiye sunan gidan gaba ɗaya a aikinta, ta bar salon kakanta ta koma zanen dabbobi da mutane da ya fi kama da na Asiya. Har yau zuriyar na zane: jikansa H. Claude Pissarro, an haife shi a 1935, da 'yarsa Lélia, 1963.

Wannan yana da amfani ga duk wanda ya ga an sa zane a intanet an rubuta "Pissarro" a ƙasa. Wane Pissarro? Na Camille kansa an sayar da wani zanensa na titin Montmartre a gwanjon Landan a 2014 kan kusan fam miliyan 20. Na 'ya'ya da jikoki kuɗinsu bai ko kama ƙafar wannan ba, ko da kuwa zanen dusar ƙanƙara ne mai kyau, tsoho, da fentin mai na gaske. Suna ɗaya, farashi kamar sama da ƙasa.

Amma ni a ganina, babban abin da gidan nan ya yi ba zanen ba ne. A gaskiya babu ɗaya cikinsu da ya kamo tsohon. Abin da suka yi wanda ya fi shi ne ajiya. Lucien ya zauna a Ingila daga 1890, ya adana wasiƙun da uban ya yi ta aika masa shekara da shekaru, yana gaya masa yadda ake haɗa launi, da yadda kasuwa ta yi tsami, da abin da yake tsoro. An buga su littafi a 1943. Ludovic ya ɓata shekaru yana bin zanen ubansa ɗaya bayan ɗaya, har ya fitar da kundinsu a 1939 tare da masanin nan ɗan Italiya, Lionello Venturi. Matar Lucien, Esther, da Orovida suka miƙa tarin takardu da zane ga gidan tarihi na Ashmolean da ke Oxford a shekarun 1950. Tattaɓa-kunnensa Joachim Pissarro ya zama masanin tarihin zane, da shi aka sake sabon kundi a 2005. In yau aka kawo zane aka ce na Camille ne, waɗannan kundaye ake fara buɗewa.

Mu ma muna da irin wannan gado, sai dai a baki yake. A Zariya an san sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a a ƙarni na 19, kuma gini ya ci gaba a zuriyarsa. Gobarau kuwa ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ana kiran sunan sarki da na malamai, amma hannun da suka cura tubalin fa? In a gidanku akwai tsoho magini, ko mai zayyanar allo, ko mai ɗinkin aska takwas, ku rubuto mana sunan sana'ar da unguwar. Za mu zo da na'ura mu naɗa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.