Kafin ka sauya wa tsohuwar 504 aksil ɗin baya

A garin Katsina har yanzu akwai masu riƙe da tsohuwar Peugeot 504. Wasu gadonta suka yi, wasu kuma da ita suke neman abinci a hanyar Jibiya zuwa Maraɗi. Galibinsu sun riga sun sauya mata inji, sau da yawa na 505, wanda a wasu samfurorin ya fi nata ƙarfi. Daga nan sai ƙara ta fara tasowa daga baya, ko shaf ya karye ana tsakiyar tafiya da kaya, sai bakanike ya ce wa mai mota: "Alhaji, a sa mata aksil mai ƙarfi kawai." Shawarar tana da tushe, amma kalmar "kawai" ɗin nan ce take jawo asara.

Motar nan ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya yi shekaru kusan talatin yana haɗa ta. Ba motar ɗaukar fasinja kaɗai ba ce a tarihinta. Da ita Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya a 1975, a shekarar nan kuma Hannu Mikkola ya ci ta Maroko. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da samfurin tsere mai ƙofa biyu, wanda Pininfarina na Italiya ya zana, mai inji silinda shida. Injiniyoyin da suka shirya waɗannan motoci ba inji kaɗai suka ƙara wa ƙarfi ba. Duk abin da ke tsakanin inji da taya sai da suka bi shi, domin ƙarfin da inji ya fitar ta giya yake bi, ya ratsa farfela, ya shiga tukunyar haƙoran da ke tsakiyar aksil, sannan shaf biyu su raba shi ga tayoyin baya. Wanda ya fi rauni a cikinsu shi ne zai fara karyewa.

Abu na farko da ya kamata mai mota ya sani shi ne 504 ba iri ɗaya ba ce ta ƙarƙashi. A wasu samfurorin salun, tukunyar haƙoran a jikin mota take ɗaure, kowace tayar baya tana hawa da sauka ita kaɗai, shaf ɗinta kuma yana da gaɓoɓi masu lanƙwasawa. Wagon da a-kori-kura kuwa aksil ɗinsu sanda guda ce daga taya zuwa taya, an yi ta ne domin kaya. Wagon tana zaune a kan sifirin mai murɗe, a-kori-kura a kan mai falle-falle. Wanda ya ce zai ɗauko na a-kori-kura ya cusa wa salun, to ya shirya yanka da walda a wuraren da kamfani bai tanadi ɗaukar nauyi ba. Ni dai ban ga hikimar yin haka ga motar da ake son adanawa ba.

Ko da aksil ɗin ya zauna daidai, akwai lissafin haƙora, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Kowane aksil yana da adadin juyin da farfela za ta yi kafin taya ta juya sau ɗaya. A ɗauka misali na tsohon huɗu ne, na sabon da aka sayo biyar. Motar za ta tashi da kaya cikin sauƙi, ta hau tudu ba tare da nishi ba, mai ita ya yi murna a ranar farko. Amma a kan doguwar hanya, gudun da inji yake yi da juyi 3,000 a minti ɗaya yanzu sai ya yi 3,750 kafin ya kai shi. Shan fetur zai ƙaru, zafi zai ƙaru, wanda kuwa ya san Katsina a watan Afrilu ya san lagireto ba ta buƙatar ƙarin aiki. Agogon gudu ma zai fara ƙarya, tunda daga giya yake karɓar lissafi: zai nuna 100 alhali 80 ake yi. Gane wannan ba ya buƙatar na'ura. A ƙirga haƙoran babban faifai, a raba da na ƙaramin da ke juya shi, a yi haka ga tsoho da sabo kafin a biya kuɗi.

Sai tsawon shaf da yawan tsagar da ke bakinsa. Idan ya gaza ko da kaɗan, zai iya zamewa lokacin da taya ta faɗa rami. Idan ya zarce, zai riƙa dukan boris har ya cinye shi. Maganin da wasu ke yi, wato a yanke shaf biyu a haɗa da walda, ganganci ne. Ƙarfen shaf an gasa shi ne a masana'anta zuwa wani tauri na musamman, wutar walda tana lalata wannan tauri, kuma a daidai wurin haɗin yake tsinkewa.

Birki ma yana tafiya da aksil. Salun mai tayoyi masu zaman kansu birkin faifai gare ta a baya, wagon da a-kori-kura na ganga. Sauya ɗaya da ɗaya ba tare da duba rabon ƙarfin birki tsakanin gaba da baya ba yana iya sa baya ta kulle kafin gaba, mota ta juya da mutum a kan kwalta mai yashi.

Masu zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman kayan gwanjo, ku tafi da tsohon shaf ɗinku a hannu, a jera shi da sabon a ƙasa. A buɗe tukunyar a gabanku ku ga haƙoran, a duba robar da ke rufe gaɓoɓi, domin da zarar ta yage ƙurar hunturu ta shiga giris, gaɓar ta gama yawo. Bayan an ɗaura, a zuba man giya irin na aksil, ba baƙin man inji ba, a yi gajeruwar tafiya babu kaya, sannan a dawo gareji a sake ɗaure kowane noti kafin a kama hanyar Jibiya.