Buhun kilo 100 da ƙugun ɗan dako

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa, a bayan ɗan dako buhun hatsi mai kilo 100 yake hawa mota. Alhali kuwa tun 1967 ƙungiyar ƙwadago ta duniya, OIT, ta ba da shawarar kada namiji ya ɗauki fiye da kilo 55 shi kaɗai.

A ƙugu ɓarnar take aukuwa, inda faifan guringuntsi ke tsakanin ƙasusuwan baya. Tsokar da ke miƙar da mutum tana da tazarar kimanin santimita 5 daga wannan faifai. Wanda ya sunkuya ya cicciɓi kaya daga nisan santimita 50, sai tsokarsa ta ja ninki 10 na nauyin kayan, faifan kuma ya sha matsa. In ya tsage ya danne jijiya, zafi kan sauka har ƙafa, dako ya gagara.

Dabarar ita ce a jawo kaya kusa da jiki, a lanƙwasa gwiwa, a juya da ƙafa ba da ƙugu ba. Babban buhu kuwa aikin mutum biyu ne. Ɗan kasuwa zai ƙara kuɗin dako, amma ya ceci ƙugun mai ciyar da gida.